Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Janar Romel da Yaƙin Tankoki a Hamadar Libiya da Masar



Muna godiya ƙwarai da aka ba mu wannan dama ta tsayawa gaban na gaba da mu. Mu ɗalibai ne masu neman sani, ba mu taɓa sa kakin soja ba, saboda haka in an ji mun yi tuntuɓe a yi mana ahuwa, a kuma gyara mana idan an zo wajen tambayoyi.

Maganarmu ta yau a kan wani janar ne na Jamus mai suna Erwin Romel, da yaƙin da ya yi da tankoki a hamadar Libiya da Masar daga 1941 zuwa 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suke kira Yaƙin Hitila. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Dalilanmu biyu ne. Na farko, a ƙasar Afirka aka yi wannan yaƙi, kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, Kano da Maiduguri suna da hannu a ciki. Na biyu, yawancinmu da ke zaune a ɗakin nan ofis za mu shiga in mun gama, waɗansunmu ma sun riga sun shiga, kuma aikin da za a fara miƙo mana shi ne lissafin kaya da motoci da mai da sito, aikin da kowa yake yi wa kallon hadarin kaji. Labarin Romel yana da abin da zai gaya mana game da darajar wannan aiki.

Tambayar da za mu bi ita ce: yaya aka yi mutumin da ya fi abokan gabansa iya juya tankoki a fagen fama, ya yi ta ba su kashi har wajen shekara ɗaya da rabi, amma daga ƙarshe ya bar Afirka bai riƙe ko taƙi ɗaya ba?

Wane ne Romel?

An haifi Romel ran 15 ga Nuwamba, 1891, a garin Heidenheim na kudancin Jamus. Ubansa malamin makaranta ne, watau bai fito daga manyan gidajen nan da suka gaji hafsanci a sojan Jamus ba. A Yaƙin Duniya na Farko sojan ƙasa ne, ya kuwa yi suna a 1917 a duwatsun arewacin Italiya, inda ya kama dubban sojan Italiya da 'yan mutane kaɗan, har aka ba shi lambar yabo mafi girma da hafsa ke samu a lokacin. Littafin da ya rubuta a kan dabarun sojan ƙasa, wanda ya fito a 1937, shi ya jawo hankalin Hitila gare shi, har ya ɗora shi bisa sojojin da ke tsaron lafiyarsa sa'ad da Jamus ta afka wa Folan a 1939. A riƙe wannan kusanci nasa da Hitila, don za mu komo gare shi.

A Fabrairun 1940 aka ba shi Runduna ta 7 ta tankoki, ko da yake bai taɓa jan tankoki ba. Cikin Mayu da Yuni na wannan shekara ya ƙetare kogin Meuse, ya keta arewacin Faransa har bakin teku, da irin saurin da ya sa wani lokaci ko manyansa ba su san inda yake ba, har aka yi wa mutanensa laƙabi da Rundunar Fatalwa. Amma fa Faransa ƙasa ce mai hanyoyin mota da na jirgin ƙasa, ga ruwa ga abinci ko'ina, kuma duk yaƙin mako shida aka yi ana yinsa. Abin da Romel ya koya can shi ne, in ka yi sauri guzuri zai biyo ka a baya. Da wannan karatu ya tafi hamada.

Abin da ya kawo shi Afirka

Libiya tana hannun Italiya tun 1911, Italiyawa kuwa ba su gama murƙushe mutanen ƙasar ba sai bayan da suka rataye Shehu Umar Mukhtar a 1931. Masar tana da sarkinta, amma sojan Ingila ne ke zaune cikinta suna gadin mashigin Suwais, hanyarsu ta zuwa Indiya da Gabas. A Satumban 1940 Musolini, shugaban Italiya, ya tura Mashal Graziani ya shiga Masar. Ya yi tafiyar mil sittin ya ja ya tsaya a Sidi Barrani. Cikin Disamba sai Ingilishi, su kimanin 36,000 a ƙarƙashin Janar O'Connor, suka far masa, cikin wata biyu suka kora Italiyawa mil 500, suka kama fursunoni wajen 130,000. Hitila ya ga in ya ƙyale, Tarabulus ma za ta faɗi, kujerar abokinsa kuma ta girgiza. Sai ya aiko da gudummawa, wadda aka sa wa suna Rundunar Afirka, Romel ya sauka Tarabulus ran 12 ga Fabrairu, 1941.

Umurnin da aka ba shi a fili yake: ya tare hanya, kada Ingilishi su iso Tarabulus. Hankalin manyan hafsoshin Jamus a lokacin yana kan shirin afka wa Rasha, wanda aka fara ran 22 ga Yuni, 1941, can ne kuma za a zuba mai da motoci da mutane. A wurinsu Afirka ƙaramin fage ce, gwargwadon haka kuwa suka auna abin da za su ba ta.

Harin farko

Romel bai jira ba. Da ya gane Ingilishi sun kwashe gwanayen sojansu sun kai ƙasar Girka, sai ya kama Agaila ran 24 ga Maris, tun rabin rundunarsa bai sauko daga jirgi ba. Ran 4 ga Afrilu ya shiga Bingazi, bayan 'yan kwanaki mutanensa suka kama Janar O'Connor kansa, kafin tsakiyar wata ya isa iyakar Masar. Abin da Ingilishi suka ci cikin wata biyu ya ƙwace cikin mako biyu, in banda wuri ɗaya, watau Tubruk, tashar jiragen ruwa wadda sojan Ostireliya suka riƙe a ƙarƙashin Janar Morshead. Ya kai mata hari cikin Afrilu, ya sake kaiwa a farkon Mayu, duk aka mayar da shi da hasara, ya koma ya kewaye ta har kusan wata takwas bai ci ta ba. Ga sojansa nan zaune a iyakar Masar, mafi yawan abin da za su ci da man da za su ƙona kuwa daga Tarabulus ake ɗauko shi, tafiyar wajen mil dubu. Abin ya dami Janar Halder, babban hafsan sojan ƙasa na Jamus, har ya aiko Janar Paulus, wanda daga baya ya miƙa wuya a Stalingrad, ya zo ya duba. Rahoton Paulus ya nuna cewa babbar matsalar wannan runduna ita ce guzuri.

Ran 18 ga Nuwamba, 1941, Runduna ta Takwas ta Ingila ta kawo babban hari. A wannan wata fiye da rabin kayan da aka ɗoro wa Romel daga Italiya a teku suka nutse, cikin Disamba dole ya saki Tubruk ya koma Agaila inda ya faro. Amma da ya komo kusa da Tarabulus, jiragen ruwa suka kawo masa sababbin tankoki a farkon Janairun 1942, ran 21 ga watan ya juyo, ya sake ƙwace Bingazi, ya tsaya a Gazala. A nan ne za mu ga halin wannan yaƙi. Duk wanda ya ci gaba, igiyar guzurinsa sai ta yi ta miƙewa har ta sirance, wanda ya ja da baya kuwa sai ya komo bakin rumbunsa ya yi ƙarfi.

Yadda yake yaƙi

Ya kamata mu ba mutumin nan haƙƙinsa. Turawa sun yi masa laƙabi da yanyawar hamada, da Bahaushe ne ya raɗa masa suna kuwa da dila zai ce. Hamada fili ce fetal, ba gari ba kogi, saboda haka dabararsa ita ce ya riƙe abokin gaba ta wajen bakin teku, sa'an nan ya zagaya da tankoki ta kudu cikin rairayi ya ɓullo masa ta baya. Yana haɗa tankoki da igwa da sojan ƙasa wuri guda su yi aiki tare, alhali Ingilishi sun daɗe suna rarraba nasu kashi kashi. Akwai kuma wata igwa mai bakin milimita 88, wadda aka ƙera don harbo jiragen sama, Jamusawa suka kwantar da bakinta suna harbin tankoki da ita daga nesa. Sai tankokinsa su yi kamar suna gudu, na Ingilishi su biyo su, su faɗa bakin igogin da aka ɓoye. A yaƙin mashigin Halfaya na Yunin 1941 Ingilishi sun yi hasarar tankoki kimanin 90 cikin kwana uku.

Daɗin daɗawa, yana da kunne cikin gidan abokan gabansa. Yana da ƙungiyar masu sauraron wayar iska ta Ingilishi a fagen fama, kuma Italiya da Jamus suna karanta rahotannin asiri da Kanar Fellers, wakilin sojan Amurka a Alƙahira, yake aika wa gida, cike da bayanin ƙarfin Ingilishi da shirinsu. Duk hanyoyin nan biyu sun toshe tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Yulin 1942.

Shi da kansa yake shiga gaba, cikin mota ko ƙaramin jirgin sama, abin da ya sa sojansa suka so shi. Amma wannan hali yana da aibinsa. A Nuwamban 1941 ya ɗebi tankokinsa ya nufi iyakar Masar, hedkwatarsa ta neme shi ta rasa, har wani ƙaramin hafsa ya ba da umurnin komo da rundunar tankoki bisa raɗin kansa don a ceci waɗanda aka bari a baya.

Gazala, Tubruk da maganar Malta

Babbar nasararsa ta zo a 1942. Ran 26 ga Mayu da dare ya zagaya layin Ingilishi na Gazala ta kudu. Da farko abin ya so ya juye masa, don ya sami kansa a bayan abokan gaba, ga filin nakiyoyi tsakaninsa da kayansa, ruwa da mai suna ƙarewa, har sai da aka buɗe hanya cikin nakiyoyin, shi da kansa kuma ya jawo ayarin motocin guzuri. A Bir Hakim sojan Faransa masu bin Janar de Gaulle sun tsare shi mako biyu. Duk da haka ya farfasa tankokin Ingila, ran 21 ga Yuni Tubruk ta faɗi bayan harin yini ɗaya da 'yan sa'o'i. Ya kama fursunoni kimanin 33,000, da motoci wajen 2,000, da mai da abinci mai yawa. Hitila ya ba shi muƙamin Fil Mashal yana da shekara 50.

A nan ne aka zo mararraba. Akwai wani ɗan tsibiri, Malta, a tsakiyar Bahar Rum, daidai kan hanyar jiragen da ke tasowa daga Italiya zuwa Libiya, daga nan ne kuma jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa na Ingila suke nutsar da kayan Romel. Shirin da aka yi tun farko shi ne, in an ci Tubruk a tsaya, a juya a kama Malta. Mashal Kesselring na Jamus da manyan hafsoshin Italiya sun so a bi wannan shiri. Romel ya ƙi, ya ce Ingilishi sun watse, ganimar Tubruk kuma za ta kai shi bakin kogin Nilu. Ya kai magana gun Hitila, Hitila ya goyi bayansa, aka ajiye maganar Malta.

Ran 1 ga Yuli ya buɗe wuta a Alamain, wata 'yar tashar jirgin ƙasa mai nisan mil sittin da 'yan kai daga Iskandariya. A Alƙahira Ingilishi sun fara ƙona takardun ofisoshinsu, Musolini kuwa ya riga ya sauka Libiya yana jiran ranar shiga birni. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Tankokin Jamus masu tafiya da suka rage wa Romel ba su wuce 55 ba, mutanensa sun yi mako biyar ba hutu. Wurin kuma bai yarda da dabararsa ba: daga arewa teku, daga kudu wani ƙaton kwari mai gishiri da yashi mai haɗiye mota, wanda ake kira Kattara, tsakaninsu mil arba'in kacal, ba ta inda za a zagaya. Janar Auchinleck ya tsayar da shi nan cikin watan Yuli.

Lissafin guzuri

Yanzu bari mu ajiye taswirar janar, mu ɗauki littafin akawu. Tankar yaƙi ba raƙumi ba ce da za ta ci ƙaya ta kwana. A hamada kome sai an kawo shi: mai, harsashi, abinci, kayan gyara, sau da yawa har ruwan sha. Wani masanin tarihi, Martin van Creveld, a littafin da ya wallafa a 1977 game da guzurin yaƙi, ya lissafta cewa a 1941 sojan Jamus da na Italiya a Libiya suna bukatar kaya wajen tan 70,000 kowane wata, alhali tashar Tarabulus abin da take iya saukewa bai wuce kimanin tan 45,000 ba. Bingazi da Tubruk ƙanana ne, kuma suna kusa da jiragen saman Ingila.

In an sauke kayan ma, sai maganar nisa. Daga Tarabulus zuwa Alamain wajen mil 1,400 ne, kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Ikko ya komo. Ba layin dogo da ya haɗa tashoshin nan da juna, hanyar kwalta kuma ɗaya ce tak, tana bin gefen teku. Motar da ke ɗauke da mai ita ma mai take sha, zuwa da komowa, saboda haka kashi ɗaya cikin uku na man da aka sauke, wani lokaci har kusan rabi, a hanya yake ƙonewa bai kai ga tankoki ba. Ƙura tana cinye injuna, motoci da yawa kullum suna wurin gyara, mafi yawan waɗanda ya kai Alamain da su kuwa ganima ce daga Ingilishi, ba shi da kayan gyaransu. Ga shawara da atuni suna kwantar da sojoji, har shi kansa Romel ciwo ya kama shi.

Ban da wannan, masana a Bletchley Park ta Ingila suna warware rubutun asirin Jamus da Italiya, sun san ranar da jirgin mai zai taso da hanyar da zai bi. Duniya ba ta san wannan sirri ba sai a 1974. Romel ya yi ta ɗora laifi a kan Italiyawa, amma jiragen ruwan Italiya ne ke ɗaukar kayansa, kuma in an haɗa lissafin yaƙin duka, mafi yawan abin da aka ɗoro ya iso Afirka. Sau da yawa kaya suna jibge a bakin tasha, ba motocin da za su kai su gaba. Ashe ko da an kama Malta, nisan hanya yana nan bai ragu da mil ɗaya ba. Masu kula da guzuri sun faɗi wannan tun farko, shi kuwa ya ɗauki lissafinsu a kan tsoro ne irin na mutanen ofis. Sai da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Hanyar Takoradi da Kano

Hanyar Ingilishi ta fi tasa nisa, don jiragen ruwansu sai sun zagaya ta kudancin Afirka, fiye da mil 12,000, kafin su iso Suwais. Amma sun zauna sun shirya mata. Suna da manyan tashoshi a Masar, da man Gabas ta Tsakiya, da layin dogo da bututun ruwa har Alamain.

Jiragen sama kuwa, ta ƙasarmu aka bi da da yawa daga cikinsu. Tun daga Satumban 1940 akan kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana, a harhaɗa su can, su tashi zuwa Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, sa'an nan Jinaina da Fashir da Hartum, su bi kogin Nilu zuwa Masar. Daga Kano zuwa Hartum kusan hanyar alhazan ƙasa ce. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Abin da ya buɗe hanyar shi ne, Félix Éboué, baƙar fata gwamnan Cadi, ya bi bayan de Gaulle a Agustan 1940. Jamusawa sun san darajarta, har suka aiko jirgi ya ƙetare Sahara ya jefa bom a ma'ajiyar man Fort Lamy a Janairun 1942. Daga Cadi ɗin nan kuma Leclerc ya tashi da sojoji, yawancinsu 'yan Afirka, ya ci Kufra a Maris na 1941, ya isa Tarabulus a Janairun 1943. Leburan da ya share filin jirgi a Kano, da wanda ya mirgina gangar mai a Maiduguri, ba a rubuta sunayensu ba, amma jiragen da suka yi wa hidima suna cikin waɗanda suka yi ta ƙona motocin Romel.

Alamain da abin da ya biyo baya

A Agustan 1942 aka ba Janar Montgomery Runduna ta Takwas. A ƙarshen watan Romel ya yi yunƙurinsa na ƙarshe a tudun Alam Halfa, bisa alkawarin man da bai iso ba, cikin 'yan kwanaki ya janye. Montgomery bai bi shi ba. Duk da matsin da Firayim Minista Churchill yake yi masa, ya ƙi motsi sai da ya tara abin da yake bukata. Ran 23 ga Oktoba ya kawo hari da mutum kimanin 195,000 da tankoki fiye da 1,000, cikinsu har da sababbi ƙirar Sherman daga Amurka. Jamus da Italiya suna da mutum wajen 116,000 da tankoki ɗari biyar da wani abu, sun kuma binne nakiyoyi kusan rabin miliyan. Romel yana jinya a Turai, wanda ya riƙe masa, Janar Stumme, ya mutu a rana ta biyu. Da Romel ya komo ya tarar man da ke hannu na 'yan kwanaki ne, ran 26 ga wata kuma aka nutsar da jirgin man da yake jira a kusa da Tubruk. Mutumin da duk gwanintarsa ta motsi ce, ga shi ba shi da abin motsawa.

Ran 3 ga Nuwamba Hitila ya aiko masa umurni kada ya ja da baya ko taƙi ɗaya. Ya bi umurnin na yini guda, kashegari ya janye, sojan ƙasa na Italiya da yawa waɗanda ba su da motoci aka bar su a hamada aka kama. Ran 8 ga wata Amurkawa da Ingilishi suka sauka Maroko da Aljeriya ta bayansa. Tarabulus ta faɗi ran 23 ga Janairu, 1943. Ya bugi Amurkawa a mashigin Kasarin na Tunisiya cikin Fabrairu, amma hakan bai sauya kome ba. Ran 9 ga Maris ya bar Afirka, ran 13 ga Mayu ragowar sojan Jamus da Italiya, kusan mutum 250,000, suka miƙa wuya. A takardun da ya bari, waɗanda aka buga a 1953, shi da kansa ya amsa cewa aikin mai kula da guzuri yana gaba da na mai jan daga.

Sunan da aka yi masa

Ƙarshensa ba daɗi. An ji masa rauni a Faransa a Yulin 1944, sa'an nan aka zarge shi da sanin makircin da waɗansu hafsoshi suka ƙulla na kashe Hitila ran 20 ga wannan wata. Ran 14 ga Oktoba, 1944, aka ba shi zaɓi tsakanin kotu da guba, ya sha guba don ya tsirar da iyalinsa, gwamnati ta ce raunin ne ya kashe shi, ta yi masa jana'izar girma.

Sunan da yake da shi a duniya mutane da yawa ne suka gina shi. Goebbels, ministan farfagandar Hitila, yana bukatar gwarzo. Ingilishi suna bukatar su ce wanda ya ci su ba ƙaramin mutum ba ne. Bayan yaƙi kuma ƙasashen Yamma suna bukatar wani sojan Jamus mai tsabtar suna, sa'ad da suke shirin sake ba Jamus ta Yamma makamai. Littafin Desmond Young na 1950 da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 1951 sun taimaka wajen haka. Gaskiya ne an shaide shi da kyautata wa fursunonin yaƙi. Amma mulkin Hitila ya yi wa aiki, ya kuma ci moriyarsa shekara da shekaru. A Yulin 1942 an riga an shirya wata ƙungiyar 'yan SS a ƙarƙashin Walter Rauff, tana jira a Atina ta bi bayansa in ya ci Masar, ita ce daga baya ta tilasta wa Yahudawan Tunisiya wajen 5,000 aikin ƙarfi. Hamadar kuma da ake cewa ba kowa cikinta tana da masu ita. Larabawan Libiya da Masar ba wanda ya shawarce su, aka rushe garuruwansu, aka bar musu miliyoyin nakiyoyi da harsasai cikin ƙasa, waɗanda suka yi ta kashe makiyaya da raunata su shekaru da dama bayan Turawa sun koma gida.

Kammalawa

'Yan'uwa, amsar tambayarmu ke nan. Romel ya iya yaƙin yini, amma bai yarda ya zauna ya ƙidaya tan nawa tasha ke saukewa, mota nawa ke da lafiya, mil nawa ne tsakaninsa da rumbunsa ba. Ya ɗauka nasara za ta biya bashin guzuri, sai kowace nasara ta ƙara masa nisa da abincinsa. Waɗanda suka ci shi ba su kai shi zafin nama ba, amma sun fafe goransu tun kafin ranar tafiya.

Mu ma in mun kama aiki za mu tarar da irin wannan. Za a buɗe asibiti da kaɗe-kaɗe ba a tanadi magani ba, a sayo tarakta ba kayan gyara, taki ya iso bayan damina ta yi nisa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wani ƙaramin ma'aikaci da ya ga lissafin bai fita ba, ko dai ya yi shiru, ko ya faɗa aka ce matsoraci ne. Wata rana mu ne wannan ma'aikaci, in Allah ya ja kwana kuma wata rana mu ne shugaban da ake kawo wa lissafin. Muna roƙon a tuna da motar man nan da ke kan hanyar Tarabulus tana shan abin da aka aike ta da shi. A kuma tuna cewa gwaninta kaɗai ba ta isa abin yabo ba, sai an tambaya wa ake yi wa aiki da ita.

Shugaba, nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.